Wata 11 da ƙarfe a ƙafata

Tun ina yaro ƙafata ba ta san zama ba. Mahaifiyata takan ce ko barci nake yi sai ta ga yatsun ƙafata suna motsi, kamar akwai inda aka aike ni. Da na girma sai na faɗa aikin haɗa wayoyin lantarki a gine-gine, aikin da za ka yini a kan tsani, ka hau ka sauko, ba ka sanin lokacin da rana ta faɗi. Ina da shekara 34 na yi hatsarin babur. Ƙashin ƙwaurina na hagu ya karye, ya huda fata ya fito waje. An yi tiyata an wanke an gyara, amma bayan wasu makonni ƙwayoyin cuta suka shiga ƙashin, wani yanki nasa ya mutu. Likitan ƙashi ya ce babu makawa sai an yanke mataccen, kuma abin da za a cire ya kai santimita 6.

Don cike wannan giɓi aka ɗaura mini ƙarfen Ilizarov. Sunan likitan da ya ƙirƙiro shi ke nan, Gavriil Ilizarov, wanda ya yi aiki a garin Kurgan na yankin Siberiya a tsohuwar Tarayyar Sobiyet tun shekarun 1950. Zobba ne na ƙarfe da suke kewaye ƙafa, an haɗa su da dogayen sanduna masu zare irin na kusa mai noti. Daga kowane zobe akwai siraran wayoyi, kaurinsu bai kai milimita 2 ba, da suke ratsa fata da tsoka da ƙashi su ɓullo ta ɗaya gefen, a ja su su yi tauri. Likita yakan yanka lafiyayyen ƙashi a sama, a jira kamar mako guda, sannan a fara jan guntun da aka yanka zuwa ƙasa a hankali. Yana tafiya sabon ƙashi yana tsirowa a bayansa, har ya je ya haɗu da ɗaya bakin. Tafiyar milimita 1 ce a rana, ba a yin ta lokaci guda. Ana raba ta huɗu: juyi ɗaya cikakke na noti milimita 1 ne, don haka kwatan juyi ake yi sau huɗu a yini, da sifana mai lamba 10.

Na yi lissafi a kan gadon asibiti: santimita 6 kwana 60 ke nan. Na ce wata biyu ba komai ba ne. Likita ya girgiza kai ya ce, "Malam, ja shi ne ƙaramin aiki. Jiran ƙashin ya yi ƙwari yakan ninka lokacin jan sau biyu, wani lokaci ya fi. Ka sa a ranka kusan shekara." Na ji maganar da kunnena, amma ba ta shiga zuciyata ba sai da aka sallame ni na koma gida, aka rufe ƙofar ɗaki, kowa ya tafi harkarsa.

An yi mini bayani sosai a kan zafi, a kan tsaftar wayoyi, a kan magunguna. Babu wanda ya ce mini komai a kan abin da zan yi da awa 16 da nake farke a kowace rana. Kuma wannan ne ya kusa lalata maganin gaba ɗaya. Duk kuskuren da na tafka a cikin watanni 11 ɗin nan, idan na bi sawunsa, daga gundura ya taso.

Makonni ukun farko na yi su a kwance kamar gungume. Tsoro ne ya kwantar da ni. Gani nake ko tari na yi wayoyin za su goce. Na hana kaina zama a kujera, na hana kaina wanka sai goge jiki, na hana kaina leƙa ƙofa. Cinyata ta hagu ta rame har ana ganin bambanci da ido. Bayan gida ya yi tauri, saboda rashin motsi ga kuma taramol da nake sha, wanda shi da kodin da danginsu duk suna rage motsin hanji. Ranar da na yunƙura na miƙe tsaye da sauri, jiri ya ɗebe ni, ba don matata ta tare ni ba da na faɗi a kan ƙarfen. Jikin da ya daɗe a kwance yakan manta yadda ake tura jini zuwa kai idan an miƙe. Daga ranar na koyi zama a bakin gado, ƙafafu a ƙasa, minti biyu ko uku kafin in tashi.

Da muka koma asibiti likitar fisiyo, mai koya wa majinyata motsa jiki, ta dube ni ta ce, "Malam, wa ya ce maka kada ka taka?" Na ce babu kowa. Ashe an gina ƙarfen ne don ya ɗauki nauyi, kuma takawa gwargwadon yadda likita ya yarda tana taimaka wa sabon ƙashi. Rabin dokokin da suka ɗaure ni, ni na kafa wa kaina su. A ranar na miƙa wa likita takarda da biro, na roƙe shi ya raba mini abubuwa gida uku: wanda aka hana sam, wanda aka yarda da sharaɗi, da wanda ya zama dole kullum. Wanda aka hana bai fi layi biyar ba: tuƙi, hawa tsani, ɗaukar kaya mai nauyi ina tafiya, jiƙa ƙafar cikin baho ko tafki, da taba sigari. Ya ƙara da cewa kada in sha maganin zafi irin su ibufrofen ko daikulofenak ba da saninsa ba, domin ana tsoron irinsu su jinkirta haɗuwar ƙashi. Farasitamol ya bar mini, kada in wuce giram 4 a cikin awa 24. Duk abin da ba ya cikin jerin nan, akwai hanyar yinsa. Wanda yake cikin doguwar jinya, ko wace iri ce, ya nemi wannan takarda daga bakin likitansa, a rubuce, kuma ya sake nemanta a kowane mataki, domin abin da aka hana a wata na farko sau da yawa an yarda da shi a wata na huɗu, sai dai in ba ka tambaya ba babu mai tuna gaya maka.

Abin da ya fara daidaita mini yini shi ne juyin notin nan huɗu. Ƙarfe 7 na safe, 12 na rana, 5 na yamma, 10 na dare. Su ne kawai abin da ba ya ɗaguwa, sai na rataya sauran al'amura a jikinsu. Bayan juyin safe sai tsaftar wayoyi. Ina da wuraren huda fiye da 12, kowane sai an bi shi: a wanke hannu da sabulu, a ɗauki auduga mai tsabta a jiƙa da ruwan kulorheksidin mai kashe ƙwayoyin cuta da aka ba ni, a goge daga bakin wayar zuwa waje, a jefar. Waya ɗaya, auduga ɗaya, domin in ka yi amfani da guda a wurare biyu ka kwashe cuta daga nan ka kai can. Da farko matata ke yi mini. Daga baya na karɓa, kuma na daina gaggawa a kansa. Yakan ci mini minti 40, ina duba kowane rami: ya yi ja? ya yi zafi in an taɓa? akwai ruwa, kuma wane launi? Ɗan ruwa garai-garai ba abin tsoro ba ne. Ja mai yaɗuwa, zafi mai ƙaruwa, mugunya ko zazzaɓi, waɗannan na kiran likita ne a ranar, ba gobe ba.

Tsakanin juyin safe da na rana lokacin motsa jiki ne, don a lokacin nake da ƙarfi. Lanƙwasa idon sawu sama da ƙasa sau 20 a kowace awa. Matse tsokar cinya, gwiwa a miƙe, a ƙirga biyar a saki, sau 10, zagaye uku. Ɗaga ƙafar gaba ɗaya da ƙarfenta daga kan katifa. Kwanciya rub da ciki na minti 15 don gwiwa da ƙugu su miƙe. Motsa idon sawun nan yana da amfani biyu: yana hana gaɓar sandarewa, yana kuma tura jini daga sharaɓa zuwa sama. Mai dogon kwanciya yana cikin haɗarin jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Alamarsa kumburi da zafi da ɗumi a sharaɓa, galibi ƙafa ɗaya. In gudan ya ɓalle ya tafi huhu sai numfashi ya yi wuya farat ɗaya, ƙirji ya ɗau ciwo. Wannan ba a jiran gari ya waye. An kuma gargaɗe ni kada in sa matashi a ƙarƙashin gwiwa, duk da daɗin da yake da shi, domin gwiwar za ta saba da lanƙwashewa ta ƙi miƙewa. Matashin a ƙarƙashin zoben ƙasa ake sa shi, diddige yana rataye ba ya taɓa katifa, don kada ya yi gyambon kwanciya.

Na sayi littafin rubutu na ja layuka. Kwanan wata, juyi huɗu da alamar kowane, motsa jiki, yawan takun da na yi, zafi daga 0 zuwa 10, awannin barci. Na fara shi ne don kada in manta ko na juya noti, abin da yakan faru in kwanaki sun yi kama da juna. Sai ya zama shi ne shaidata cewa lokaci yana tafiya. Ranar da na ji kamar ban gusa ba, in na buɗe shafin makonni uku baya sai in ga taku 30 nake yi a lokacin, yau 200.

A kwana na 26 na yi abin da har yau nake nadamarsa. Na gaji. Na kalli giɓin a hoton ƙashi na ga saura da yawa, na ce a raina in na ƙara kwatan juyi biyu a kowace rana zan rage kusan mako biyu. Ban gaya wa kowa ba. Na yi haka kwana tara. A kwana na biyar na fara jin wani zafi kamar wuta yana bin bayan ƙafata zuwa babban yatsa, ga dindiris a saman ƙafar. Na yi shiru. Da aka ɗauki hoto, likita ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo ya ce, "Malam, gaya mini gaskiya, sau nawa kake juyawa?" Sabon ƙashin ya yi siriri a tsakiya kamar an ja ƙullin roba. Milimita 1 ɗin nan ba a zaɓe ta don a wahalar da mutum ba: ita ce saurin da ƙashi da jijiyoyin jini da na ji da fata suke iya bi. In an wuce ta, ƙashin da ke tsirowa ba ya cika, jijiya kuma ta miƙe fiye da ƙarfinta. In an yi ƙasa da ita sosai, ƙashin ya daskare tun ba a kai ba, sai an sake yanka shi. Aka tsayar da ja na kwana 10, aka mayar da zoben baya kaɗan, sannan aka ci gaba da rabin sauri na tsawon makonni. Sauri ya haifi nawa: kwana 60 suka zama 94.

Likitan bai yi mini faɗa ba. Ya ce ba ni ne na farko ba, kuma masu yin haka yawanci mutanen da suka saba da aiki ne. Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin ta nuna mini cewa hannuna neman abin yi yake, kuma noti ne kaɗai abin da yake kusa da shi.

Masu dubiya sun cika gida a makonni biyun farko, har nakan gaji. Zuwa wata na biyu sun ragu, zuwa na uku sai ɗaiɗai. Na ji haushi sosai a lokacin, ina ƙirga waɗanda ba su zo ba. Yanzu na gane ba ƙiyayya ba ce. Mutane sun san yadda ake duba mara lafiya na mako guda, ba su san yadda ake zama da na shekara ba. Kuma duk wanda ya ce "in kana bukatar wani abu ka faɗa", da gaske yake, sai dai bai san me zai yi ba. Da na fara faɗar abu takamaimai sai lamarin ya canza. Na ce wa yayana, "Yaya, ranar Laraba da yamma nake so ka riƙa zuwa, ko minti 30 ne." Na ce wa wani abokin aikina ya riƙa kirana duk ranar Asabar ya ba ni labarin inda aiki ya tsaya. Ziyara ɗaya da na san ranarta ta fi mini biyar na ba-zata, domin ina da abin jira, mako kuma ya samu tsakiya. Na kuma roƙe su kada hirar ta ƙare a kan ƙafata. Na gaji da zama ƙafa kawai a idon mutane.

Wayar salula ta cinye mini watanni kafin in farga. Hannu ɗaya take bukata, ba ta ƙarewa, kuma ba ta barin komai a zuciya. Nakan duba agogo in ga awa huɗu sun wuce, wuyana ya ƙage, ban motsa idon sawu ko sau ɗaya ba. Daga nan barci ya birkice: in yi ta gyangyaɗi da rana, in kwana ido biyu, kuma da dare zafi ya fi tsanani don babu abin da ke ɗauke hankali daga kansa. Gyaran ya ɗauki kusan mako biyu. Tashi a lokaci ɗaya kullum ko ban yi barcin kirki ba. Fita daga gado, a canza tufafin barci, a koma kujera kusa da taga ko a waje inda hasken safe zai same ni na minti 20 zuwa 30, domin hasken safe ne ke saita agogon jiki. Barcin rana kada ya wuce minti 30, kuma kada ya kai yamma. Gado na dare ne kawai. Bayan juyin ƙarfe 10 wayar takan kwana a ɗaya ɗakin. Ban daina amfani da ita ba, na dai ba ta lokacinta: awa ɗaya bayan juyin rana, sai kiran mutane da yamma. Sauraro ya fi mini kallo, don ina iya jin rediyo ko karatu ina motsa ƙafa.

Na bar taba shekara shida kafin hatsarin, amma a wata na uku sha'awarta ta dawo da ƙarfin da ya ba ni tsoro. Zaman shiru ne ya taso da ita. Abin da ya riƙe ni shi ne bayanin da aka yi mini: sinadarin nikotin da ke cikin taba yana tsuke ƙananan jijiyoyin jini, sabon ƙashi kuwa da jinin nan yake rayuwa, shi ya sa masu shan taba suka fi daɗewa da ƙarfe kuma ƙashinsu ya fi ƙin haɗuwa. Na gaya wa matata da bakina, na ce kada ta bari kowa ya shigo mini da ita ko na roƙa.

Na ɗauka ranar da aka gama ja ita ce ranar farin ciki. Ta zama farkon lokaci mafi nauyi. Guntun ƙashin ya isa, aka ɗaure notuna, aka karɓe sifana. Hoto da ake ɗauka duk mako biyu ya koma duk wata. Babu sauran abin da zan yi da hannuna don maganin ya ci gaba, sai jira. Turaku huɗun da yinina ya rataya a kansu suka zube lokaci guda, komai ya bi su. Na daina rubutu a littafi. Na daina ɗaura maɗaurin da ke riƙe tafin ƙafa a miƙe da dare. Tsaftar wayoyi ta koma duk bayan kwana uku, a gurguje. Abinci ya fita raina. In 'yata ta shigo da littafinta sai in ce ta je wurin mamanta. Na kan kwanta ina kallon rufi, ina lissafin kuɗin da ba na samowa, ina ganin matata tana ɗaukar nauyin da nawa ne, ina jin na zama kaya a gidana.

Cikin makonni biyar sakamakon ya bayyana. Wayoyi biyu na kusa da idon sawu suka kumbura suka fara mugunya. Aka ba ni maganin kashe ƙwayoyin cuta, ɗaya ta ƙi jin magani har sai da aka cire ta aka sa wata. Tafin ƙafata kuma ya sunkuya ƙasa. Tsokar sharaɓa ta fi ta gaban ƙwauri ƙarfi, in aka bar su ita ke rinjaye, jijiyar diddige ta gajarce, mutum ya koma taka ƙasa da yatsu. Abin da na yi sakaci da shi na mako biyar ya ɗauke ni fiye da wata uku ina gyarawa, da tawul a tafin ƙafa ina ja, daƙiƙa 30 sau biyar, sau uku a rana, hawaye na zuba.

Matata ce ta fasa shirun. Wani dare ta zauna a bakin gado ta ce, "Baban yara, ƙafar tana warkewa, kai ne ba ka warkewa. Gobe in mun je zan gaya wa likita, ko ka faɗa ko in faɗa." Na ji zafin maganar, amma washegari ni na faɗa. Likita ya tambaye ni tun yaushe, barci fa, abinci fa, akwai abin da har yanzu yake mini daɗi, na taɓa tunanin cutar da kaina. Ya ce gundura daban, ciwon damuwa daban, kuma hanyar gane su ita ce: mai gundura in aka kawo masa abin sha'awa zai ji daɗinsa, mai ciwon damuwa ko an kawo ba ya ji. In baƙin ciki da rashin sha'awar komai suka wuce mako biyu kusan kullum, ya zama abin magani. Ya tura ni wurin likitan ƙwaƙwalwa. Na je a kunyace, na dawo da sauƙi. Shawararsa ta farko ta ba ni mamaki: kada in jira sai na ji sha'awar yin abu kafin in yi; in tsara shi a takarda in yi shi a lokacinsa, sha'awar za ta biyo baya. Haka kuwa aka yi, sannu a hankali.

Na mayar da lokutan nan huɗu, ko da babu noti. Ƙarfe 7 tsaftar wayoyi da fita haske. Ƙarfe 12 tafiya. Ƙarfe 5 aikin makaranta da 'yata, wanda ya zama nawa ni kaɗai, babu mai karɓa. Ƙarfe 10 maɗaurin ƙafa da rubutu. Sannan na nemo wa hannuna aiki na gaske. Aka sa mini faffaɗan katako a kan hannayen kujera, aka kawo akwatin kayan aikina. Na fara da fitilar gida da ta mutu, sai fanka, sai dutsen guga na maƙwabta. Wanda nake koya wa aiki yakan turo mini hoton allon wuta in ya rikice, in bi da shi waya bayan waya. Na gwada abubuwan kashe lokaci da yawa kafin nan, wasanni a waya da kallon finafinai, duk suna cika awa amma da dare sai in ji yinin fanko ne. Abin da ya riƙe ni shi ne aikin da yake da farko da ƙarshe, wanda wani yake jira. Ranar da maƙwabciyarmu ta aiko a ce fankar tana aiki, na yi barcin da na daɗe ban yi ba. Sharaɗi ɗaya na kiyaye: duk minti 45 in ajiye aiki, in ɗaga ƙafar sama da ƙugu ko in tashi in taka, domin dogon zama da ƙafa a ƙasa yana kumbura ta, fata ta matse wayoyi.

Fita waje ma sai da na koye ta. Sandunan dogarawa, in ba a saita su daidai ba, suna jawo wata cutar. Tsakanin hammata da kan sandar a bar faɗin yatsu biyu zuwa uku, mariƙin ya zo daidai wuyan hannu in hannu yana sake, nauyi kuma a tafin hannu yake, ba a hammata ba. Akwai jijiyoyi a hammata da in aka yi ta danna su hannu yakan mutu, wuyan hannu ya kasa ɗagawa. A matakala, lafiyayyar ƙafa ce ke fara hawa, mai ciwo da sanduna su biyo. Wajen sauka sanduna da mai ciwo ne ke fara sauka. Robar gindin sanda in ta cinye a canza ta, kuma jiƙaƙƙen daɓe ya fi komai haɗari. Aka farke mini wanduna ta gefe aka sa maɓallai, aka ɗinka wa ƙarfen riga mai sauƙi saboda ƙura da idon mutane. Na fara da ƙofar gida, na ƙara da kusurwar layi, ina ƙara kamar taku 20 duk bayan kwana biyu. In zafi ko kumburin washegari ya wuce na jiya sosai, na san na zarce, sai in koma adadin baya. Rana mai daɗi ita ce tarko: ka ji ƙarfi ka ninka tafiya, ka biya da kwana uku a kwance.

A wata na 10 hoto ya nuna ɓawon ƙashin ya haɗe ta gefe uku cikin huɗu, abin da likita yake jira ke nan. Ya sassauta notunan don ƙashin ya fara ɗaukar nauyi da kansa, na yi makonni ina tafiya a haka ba tare da sabon zafi ba. A wata na 11 aka cire ƙarfen. Na ɗauka zan yi tsalle. Sai na ji ƙafar kamar ba tawa ba, ba nauyi, ba kariya. Aka sa filasta mai tauri irin ta karaya na makonni shida, domin sabon ƙashi yana iya sake karyewa a wannan tsakanin, kuma jerin abubuwan da aka hana bai ƙare a ranar ba. Na sake miƙa wa likita takarda da biro.

Yau shekara biyu da cire shi. Na koma aiki, amma sai bayan wata bakwai aka yarda in hau tsani, kuma har yanzu ba na hawa da kaya a hannu. Idon sawuna bai dawo yadda yake ba. Ba na iya tsugunawa sosai, kuma na san makonni biyar ɗin nan suna da hannu a ciki. Tabon wayoyi yana nan jere a ƙwaurina. Kowace safiya kafin in sa takalmi nakan sa tawul a tafin ƙafa in ja, daƙiƙa 30 sau biyar. Watan jiya likitar fisiyo ta kira ni ta ce akwai wani saurayi da aka ɗaura wa irin ƙarfen, ya yi mako uku bai fito daga ɗaki ba, ko zan je in gan shi. Na saya masa littafin rubutu, na ja masa layukan da hannuna, na ce masa ranar Laraba da yamma zan riƙa zuwa.